Alhaji ba ya danna "Na amince", aiki ya tsaya cak

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka min. Kawuna Alhaji dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kaya na zuwar masa daga Aliero ta jihar Kebbi. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya biya min makaranta, to kun ga ba na iya ɗaga masa murya. Na gina masa manhaja da Laravel, wani kayan aikin gina manhajar yanar gizo: direba ya nemi kuɗin mai, manaja ya duba, Alhaji ya amince, sannan a biya. Amma Alhaji ba ya buɗe ta. Sai ya kira manaja ya ce "ba shi kawai", buƙatar kuma na nan a "ana jira". Jiya manaja ya danna maɓallin biya sau biyu saboda netwok, aka biya direba sau biyu. Yanzu ni ake kallo.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kai ka jawo wa kanka. Irin wannan ba a rubuta shi da hannu. Ɗauki Camunda ko Temporal, manhajojin tafiyar da aiki mataki-mataki, su ke riƙe aiki har mutum ya amsa, ko da bayan mako ne. Sake gini daga tushe.

Na Obalende: Haba Injiniya, Camunda saboda mutum uku? Ƙanina, ka kulle layin buƙatar a rumbun bayanai kafin biya, in matsayinta ya riga ya zama "an biya" manhaja ta ƙi. Kuma ta riƙa rubuta wa ya danna, da ƙarfe nawa. Wai ta ina kuɗin ke fita, Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ko da hannu?

Ɗan Agege: Ai ina da teburin da ke ajiye matsayin kowace buƙata, tsarina lafiya lau yake. Netwok ne.

Injiniya: Netwok bai taɓa biyan kowa sau biyu ba. Camunda na ce.

Mai Rago: Ku dai bari. Ni ma na yi wa wani a kasuwar Alaba Rago irin wannan manhajar, har yau cikon kuɗina "sai bayan Sallah". Sallah biyu ta wuce.

Hajiyar Idi-Araba: Ɗana, dattijon da ke tsakiyar ciniki, hannu duk ƙurar buhu, ba zai tsaya neman kalmar sirri ba. Tura masa ta WhatsApp da maɓalli biyu, e ko a'a. Ƙananan kuɗi kuma a bar wa manaja.

Ɗan Agege: Hajiya, Alhaji ba zai yarda a fitar da ko naira ɗaya bai sani ba. WhatsApp ɗin ma saƙon murya kawai yake saurara.

Na Obalende: Har yanzu ba ka faɗa min ta ina kuɗin ke fita ba.

Injiniya: Camunda na da wa'adi, in bai amsa ba aikin ya wuce wa na gaba.

Ɗan Agege: Na gaba wa? Gaba da Alhaji ai babu kowa.