Gawayi, tawada da takardar siminti: me kuka gwada a darasin zane?

Ɗalibar aji ɗaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan zangon aka fara jera mana kaya a kan tebur mu zana: tulu, ƙwarya da wani tsohon mayafi. Tun ina sakandare fensir HB kaɗai na sani, in ina son baƙi sai in yi ta danna shi har ya kusa huda takarda. Yanzu malaminmu ya ce kowa ya zo da gawayin zane, da na ji kuɗin na kanti kuwa jikina ya yi sanyi. Don Allah waɗanda kuka riga mu, me kuka gwada? Me ya yi, me ya ƙi?

Ɗan aji uku:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki daina wahalar da HB. Bakin fensir girafait ne aka cakuɗa da yumɓu. In yumɓun ya yi yawa sai ya yi tauri, shi ne H, in ya yi kaɗan sai ya yi taushi da duhu, shi ne B. Ki nemi 2B da 6B. Amma ko 6B ɗin in kika matsa masa ƙyalli zai yi kamar gindin tukunyar alminiyam, shi ya sa malam yake son gawayi.

Ni rabona da sayen gawayi tun aji ɗaya. Ina samun gwangwani mai murfi in huda murfin da ƙusa, in ɓare rassa sirara masu tsawon yatsa in cika shi, in tura cikin garwashin murhu. Hayaƙi zai dinga fita ta hudar. Da ya ɗauke sai ki janye, kuma kada ki buɗe sai ya huce sarai. Karon farko na yi gaggawa, iska ta shiga, toka na tarar. A wajena reshen gwaiba ya fi riƙe baki, na darbejiya ya fi saurin karyewa. Gawayin girki kuwa kartar takarda yake yi.

'Yar aji biyu:
Yaya ya faɗi gaskiya, sai dai bai gaya miki gawayi ba ya zama ba. Zanena na farko da na ji daɗinsa, fuskar kakata ce, na naɗe na sa a jaka, kafin in isa ɗaki ta koma hazo. Wallahi sai da na yi hawaye. Na fesa man feshin gashi a na biyu, ya kama, amma bayan watanni takardar ta yi ruwan ɗorawa. Yanzu farar takarda nake shimfiɗawa a kai in ajiye a kwance.

Ki gwada fallen tsakiya na buhun siminti irin na takarda. Da yake ruwan ƙasa ce, gawayi zai ba ki inuwa, alli ya ba ki haske, takardar da kanta ta cike tsakani.

Wanda ya yi karatun allo:
Ni ta wata ƙofa na shigo. Shekara takwas na yi ina rubuta allo kafin in san akwai wani abu wai shi darasin zane, kuma da na zo jami'a ɓoye wannan na dinga yi, ina ganin alƙalamin gamba ba kayan masu fasaha ba ne. Ranar da aka ce mu yi zane da tawada, abokaina suna neman alƙalamin ƙarfe, ni kuwa aljihu babu ko sisi. Na fere kara kamar yadda muke yi a tsangaya, na dama baƙin tukunya da ƙaro. Layin da ya fito ya ba ni mamaki ni kaina: in na kwantar da bakin ya yi kauri, in na karkata ya koma siriri kamar zare, duk a ja ɗaya.

Wannan tawadar ruwa yana wanke ta, don haka in kika bi ta da jiƙaƙƙen buroshi za ta narke ta ba ki inuwa mai laushi. In mai zama kike so, ki jiƙa 'ya'yan bagaruwa, irin wadda majema suke aiki da ita, ki jefa tsatsattsun ƙusoshi a ciki. Farau za ki gan ta fayau, tana shan iska tana ƙara duhu. Da hunturu kuwa kafin ki kai hannu ta bushe a bakin alƙalami, sai ki riƙa ɗiga ruwa.

Abin da ya fi canza ni shi ne babu gogewa. Dole in kalli tulun sosai kafin in sauke hannu. Daga baya da aka karantar da mu tarihin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar fasaha a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, na ji yadda Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, wato zanen gargajiya da ake yi a jiki da bango, ya gina layinsa a kai, sai na tuna zayyanar allon saukata da ke rataye a ɗakin mahaifiyata. Da hutu na ɗauko ta na yi sati ina kwaikwayo.

'Yar aji huɗu:
A kan launi: zoɓo yaudara ne, ja ne yau, bayan kwana kaɗan ya koɗe. Ruwan goro da jar ƙasa da aka dama da ƙaro sun fi zama.

Ɗan aji biyu:
Ku yi haƙuri, ni dai ban yarda a raina biro ba. Da Bic da ƙaramin littafi nake zana mutane a tasha, kuma a nan na koyi saƙa layi kan layi don fitar da inuwa. Gawayi ba ya shiga aljihu.

Ɗalibar aji ɗaya:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Jiya na ƙona gwaiba a gwangwanin madara, guda 14 na sa, 9 suka fito lafiya. Na zana tulun a takardar siminti, wuyansa ya karkace amma cikinsa ya fito da nauyi yadda HB bai taɓa ba ni ba. Malam mai allo, bagaruwar kwana nawa take yi a ruwa kafin a sa ƙusa?