Wane suna za mu ba dolfin mai ruwan hoda na kogin Amazon?

Malamanmu masu shirya darussan kimiyya da Hausa a Agege da Idi-Araba sun daɗe suna ja-in-ja a kan sunan dabbar ruwan nan da mutanen Brazil suke kira boto, wadda take zaune a kogunan Amazon da Orinoco na Kudancin Amurka. Ga ra'ayina, malamai, ku auna shi.

Duk sunan da ya fara da "kifi" ba zai shiga ba, domin dabbar tana shaƙar iska ta wata kafa a saman kanta, tana haihuwa, kuma tana shayar da ɗanta.

Wani dattijo ya kawo shawarar "ayun Amazon", kuma shawarar tana da daɗin ji, tun da ayu sananne ne a Neja da Binuwai, har ma a ruwan Legas. Matsalar ita ce ayu ciyawa yake ci, boto kuwa kifi take farauta, sannan kogin Amazon yana da nasa ayun na haƙiƙa. Idan muka ba boto sunansa, shi kuma me za mu kira shi? Saboda haka mu riƙe "dolfin", wadda kunnuwa suka riga suka saba da ita.

Inda aikin yake shi ne launi. Ba a haifar dabbar da ruwan hoda. Jaririnta ruwan toka ne, sai a hankali launin ya riƙa kwaranyewa yayin da take girma. Jijiyoyin jini da ke kusa da fata suna ƙara fito da jan, kuma mazan, waɗanda kan kai tsawon mita 2.5, sun fi matan ja saboda tabon cizo da gogayya da suke samu wajen faɗa da juna. Ke nan launin ba ɗaya ba ne: wani toka-toka, wani dabbare-dabbare, wani kuma jajir. "Ruwan hoda" ta dace da bayani a cikin jimla, amma ta yi tsawo ga suna, kuma tana nuna kamar duk launinsu guda.

Kalmar "ja" ta fi faɗi a bakin Bahaushe, wanda yake kiran mai hasken fata jan mutum ba tare da kowa ya zaci launin jini ake nufi ba. Mazauna bakin Amazon ma sukan kira ta jar boto a harshensu.

Don haka na tsaya a kan "jan dolfin", jam'i "jajayen dolfin", wanda zai bambanta ta da dolfin na teku, da kuma na kogin Ganjis na Indiya, wanda ba ja ba ne. Na gwada shi a jimlar darasi kuma ya zauna daram: a 2023 jajayen dolfin fiye da 100 sun mutu a tafkin Tefe na Brazil sakamakon fari da tsananin zafin ruwa.