Mai gina sabuwar sana'a ya jingine soyayya har sai ya tsaya da ƙafarsa?

Yaya Habu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da maganar da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk wanda ya fara gina kasuwancinsa daga tushe, namiji ne ko mace, ya jingine batun soyayya har sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Taura biyu ba ta taunuwa. Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka sun nuna kusan ɗaya cikin biyar na sabbin kamfanoni suna rufewa a shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara 5. Wanda yake cikin wannan faɗi-tashi, me ya rage masa da zai ba 'yar mutane?

Maman Amira: Wa alaikumus salam. Yaya, ban yarda ba ko kaɗan. Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce da kayanta suke zuwa har Sham. A cikin harkar fataucin ta ga amanar Manzon Allah (SAW), kuma daga nan maganar aure ta taso.

Yaya Habu: Ƙanwata, ai kin ba ni hujja ne. A lokacin dukiyarta ta riga ta kafu, har tana ɗaukar mutane suna yi mata fatauci. Ni ina maganar wanda shi ne mai shago, shi ne akawu, shi ne ɗan aike, ƙarshen wata ya zo bai san inda zai samo albashin yaransa ba.

Sadiƙ: Ina bayan Yaya. A 2018 Elon Musk, attajirin nan mai kamfanin motoci na Tesla, ya rubuta cewa babu wanda ya taɓa sauya duniya da aikin awa 40 a mako. Jack Ma, attajirin ƙasar Sin da ya kafa kamfanin Alibaba, shi ma a 2019 ya ce aiki daga 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6 a mako, alheri ne ga wanda ya samu. Waɗannan mutane sun san abin da suke faɗa.

Anti Binta: Sadiƙ, ɗana, ka ƙarasa labarin mana. Wannan tsarin da Jack Ma ya yaba, babbar kotun ƙasar Sin ta ce ya saɓa wa doka a 2021. Shi kuma Musk, a hirarsa da mujallar Bloomberg Businessweek a 2012, tambaya ya yi cewa awa nawa mace take buƙata namiji ya ba ta a mako, ko 10 za ta isa. Wannan tambayar ita ce cutar, domin ya ɗauki mutum kamar wani layi a littafin lissafi.

Bari in gaya muku nawa labarin. Shekarar da na buɗe wurin ɗinki da ma'aikata huɗu, mijina bai taɓa ƙorafin daɗewata a wurin aiki ba. Abin da ya kusa raba mu wani dare ne. Ya zauna yana ba ni labarin sakamakon gwajin da aka yi wa mahaifiyarsa a asibiti, ni kuma wayata na hannuna ina ba wata kwastoma haƙuri a kan kayanta da suka makara. Ina cewa "uhm, uhm" ban ɗago kai ba. Da na gama na ce, "To me likitan ya ce?" Sai ya dube ni ya ce, "Sau biyu na faɗa miki." Ya tashi ya shiga ɗaki. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Ina gida a daren, awannin sun cika, amma ba na tare da shi. Tun daga ranar, in na shigo gida sai in kifa wayar a kan tebur na minti 30, ko wa zai kira ya jira. Sana'ar ba ta mutu ba.

Yaya Habu: Anti, Allah Ya ƙara zaman lafiya. Amma ke kin riga kin yi aure kafin ki fara, akwai igiyar da ta riƙe ku. Wanda bai shiga ba fa? Ni na gwada neman wata yarinya. Sau uku ina sa mata rana zan zo, sau uku kaya suna maƙalewa a hanya ina fasawa. Ta haƙura ta tafi, kuma ban ga laifinta ba. Shi ya sa na ce gara kada a fara.

Maman Amira: Allah Ya musanya maka da alheri, Yaya. Amma ina da tambaya, kuma don Allah ka amsa tsakaninka da Allah. A cikin sau ukun nan, sau nawa ka kira ta tun da safe ka ce ga halin da ake ciki? Ko sai da ta gama shiri tana zaman jira ta ga saƙo?

Yaya Habu: Gaskiya biyu daga ciki sai da lokacin ya wuce na tuna.

Maman Amira: To ka ga ni. Da kwastoma ne ka yi wa alkawari, da tun asuba ka kira shi.

Malam Isa: Ina so in taɓa kalmar "har ya tsaya da ƙafarsa", domin a nan maganar ta yi rauni. Wace rana ce wannan? Mai shago ɗaya yana hangen na biyu, mai ma'aikata 10 yana hangen 50. Jeff Bezos ya kafa Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, a 1994, matarsa ta lokacin, MacKenzie, tana cikin waɗanda suka riƙe lissafin kamfanin a farkon tafiya. Aurensu ya jure shekarun da ba a san ko kamfanin zai rayu ba, sai a 2019 suka rabu, lokacin da dukiya ta kai inda ta kai. Ke nan kafuwar sana'a ba ta ba kowa tabbacin komai.

Sannan akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito. Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda'i, ya tarar da matarsa ba ta kula da kanta ba, ta ce masa ɗan'uwanka ba ya da buƙatar duniya. Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa. Annabi (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Ibada ce fa ta shagaltar da Abu Darda'i, aka ce ya rage. Ina ga neman kuɗi?

Sadiƙ: Malam, na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin akwai shekarun da dole mutum ya ƙona kansa.

Anti Binta: Ƙona kan ma yana da farashi, ɗana. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike a 2021: mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Abu ɗaya na yarda da Habu a kai: zalunci ne ka jawo mutum cikin rayuwarka ba ka faɗa masa bashin da ke kanka da dararen da ba za ka samu dawowa da wuri ba. A faɗa masa tun farko, ya zaɓa da idonsa buɗe.

Yaya Habu: Wannan ban yi ba, Anti. Ɓoye mata na riƙa yi don kada ta ga kamar na gaza. Ban janye maganata duka ba, har yanzu ina ganin shekarar farko ba ta haɗuwa da komai. Amma Malam, tambayarka ta tsaya mini a rai. Shagona ya shiga shekara ta 6, kuma jiya ma na ce wa mahaifiyata ta ƙara mini lokaci a kan maganar aure.