Ƙarfin haske kaɗai kyamarata ke gani, ta ina zan fara?

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum 'yan zaure. Aikina na digiri na biyu shi ne auna yadda haske ke lanƙwasa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, lungu-lungu, ba tare da rini ba. To babu lesa a lab ɗinmu, maikiroskop ne kawai da kyamara. Ita kuwa kyamara ƙarfin haske take gani, ba ta ganin jinkirin da ya yi cikin ƙwayar. A taimaka.

Dakta: Wa alaikumus salam. Fara da aikin masanin fiziks Emil Wolf na 1969, can ne tushen. Sai dai shi ya ɗauka jinkirin yana hannunki. Teague ya kawo mafita a 1983: hoto ɗaya a daidai saitin maikiroskop, ɗaya ki ɗan ɗaga saitin, ɗaya ki ɗan sauke shi. Bambancinsu zai fito miki da jinkirin.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Dakta lafiya, amma ni da allon fitilun LED zan fara. Ki cire fitilar ƙasa, ki sa allon, ki riƙa kunna su ɗaya-ɗaya, kowace ta hasko ƙwayar ta nata gefen. Haka 'yan jami'ar Caltech ta Amurka suka yi a 2013, Tian da Waller kuma suka kai shi ga ganin zurfi a 2015. Amma ki ɗaure allon tam! Nawa ya goce kaɗan ban sani ba, na yi sati uku ina zargin lissafina.

Ɗalibar Fiziks: Kai, sannu Yaya. Wajen ƙiyasta yadda haske ke ratsa ƙwayar, lissafin Born zan bi ko na Rytov?

Dakta: Rytov. Born na abu siriri ne ƙwarai. Lambar lanƙwasa haske ta ruwa 1.33 ce, ta jar ƙwayar jini wajen 1.40, jinkirin yana taruwa da sauri.

Mai Gadin Lab: Kafin ki taɓa jini, gwada da ƙananan duwatsun roba na folistarin, nasu 1.59 ne sananne. Za ki ga sun miƙe kamar ƙwai, lambar ma ta gaza. Ba laifinki ba ne, lens ba ya kama hasken da ya karkace da yawa, sai a bar gurbi mai siffar mazurari a bayanan da kika tara. Ki gaya wa kwamfuta kada ta ba da abin da ya gaza na ruwan da suke ciki, gurbin zai ragu.

Ɗalibar Fiziks: ODTbrain fa, shirin kwamfutar nan na irin wannan lissafi? Na gan shi a Python.

Injiniya: Shi sai kin ba shi jinkirin tukuna. Allon dai za ki fara nema.