Wane horo ne ya fi amfani ga mai aiki da matasa?

Sakataren ƙungiya, Kano: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina kula da samarin unguwarmu, amma duk yaron da na zaunar na yi wa nasiha kan shaye-shaye, sai ya ɗauke ƙafa daga wurinmu. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su ba ni shawarar horon da ya kamata in nema.

Malama, Zariya: Wa'alaikumus salam. Malam, ni ma na sha fama da wannan. Abin da ya gyara mini aiki shi ne horon agajin farko na kwantar da hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoransa a 2011, kuma ya ginu ne kan dubawa, da saurarawa, da sada mutum da inda zai sami taimako. Bayan horon, wata yarinya ta zauna gabana kusan rabin sa'a tana murza bakin hijabinta, ni kuwa na daure na yi shiru, har ta faɗa mini da kanta cewa rashin barci ne ya kai ta ga shan kodin. Da a da ne, da tuni na cika ta da faɗa, ta tashi ba ta ce komai ba.

Dattijo, Jos: Ɗana, idan jagorancin rukuni kake so, ka je cibiyar horon shugabanci da ke duwatsun Shere kusa da Jos, wadda asalinta ya faro daga cibiyar horo ta Man O' War Bay a 1951. Tana koya wa mutum ɗora wa samari nauyi maimakon ya riƙe komai a hannunsa, sai dai ba za ta koya maka zance da mai shaye-shaye ba.

Malamin sakandare, Kaduna: Na goyi bayan Malama. Ina ƙara maka da Unplugged, shirin rigakafin shaye-shaye a makarantu mai darasi 12, domin yana koya wa yara yadda za su ƙi tayin abokai ba tare da an tsorata su ba. Haka kuma horo ne ya sanar da ni iyakata, wato idan yaro ya fara surutai ko karkarwa, asibitin ƙwaƙwalwa ya dace da shi, kuma na Dawanau na kusa da ku.

Sakataren ƙungiya, Kano: Allah Ya saka da alheri. Malama, da naki zan fara, domin akwai yaro ɗaya da nake so in koma in nema tun kafin ya yi nisa.