Daftarinmu zai tafi wurin masu tace RFC, me zan duba kafin in sake shi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan ina aiki da wasu mutum biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Indiya, kan wani daftari a ƙarƙashin IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, wadda ake wallafa takardunta da sunan RFC. Sau ɗaya har ya mutu a hannunmu, don mun bar shi ya wuce wata shida ba mu sabunta ba. Yanzu Alhamdu lillahi IESG, majalisar da ke tantance daftarorin IETF, ta amince, saura a miƙa wa masu tacewa, kuma ni aka ɗora wa karatun ƙarshe. Jiya bayan isha'i na buga shi a takarda, shafi 23, na bi shi da jan biro. Abu biyu suka tsaya min a rai. A wurare bakwai mun rubuta must da ƙananan baƙaƙe, a sauran kuma MUST da manya. Sannan sunana yana da ƙ, ina so ya fito yadda mahaifina ya raɗa min shi. Wanda ya taɓa bin wannan hanya ya taimaka min.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ɗana. Waɗannan wurare bakwai su ne aikinka na wannan mako. RFC 2119 da Scott Bradner ya rubuta a 1997 ita ta tsara ma'anar kalmomin: MUST dole ce, wanda ya saɓa bai bi ƙa'idar ba, SHOULD ana iya kauce mata idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili kuma an auna abin da zai biyo baya, MAY ganin dama ce. A 2017 RFC 8174 ta zo ta fayyace cewa sai an rubuta su da manyan baƙaƙe suke ɗaukar wannan nauyi. To ka tsaya a kan kowace jimla ka tambayi kanka: idan mai rubuta manhaja ya ƙi yin wannan, na'urarsa za ta kasa magana da ta wani? In haka ne, doka ce, a ɗaga ta. In bayani ne kawai, gara ka sauya kalmar gaba ɗaya don kada mai karatu ya yi ta waswasi.

Amma kada ka yanke kai kaɗai. Mayar da must ta zama MUST sauya ma'ana ce, ba gyaran rubutu ba, sai abokan aikinka sun yarda kuma daraktan sashenku na IETF ya sa hannu. Ina nanata maka wannan ne saboda RFC zarar bunu ce. Da zarar an ba ta lamba an wallafa, ba a ƙara taɓa ma'anar abin da ta ƙunsa. Iyakarka ka shigar da rahoton kuskure a liƙa a gefenta, ko ku rubuta sabuwa da za ta maye gurbinta.

'Yar Zazzau:
Yaya, ƙ ɗinka za ta fito. Tun 2016 RFC 7997 ta buɗe ƙofa ga baƙaƙen da ba na ASCII ba, wato waɗanda ba sa cikin baƙaƙen Turanci na yau da kullum. A fayil ɗin XML da aka rubuta daftarin a ciki ka sa cikakken sunan a fullname, ka kuma cike asciiFullname da k marar lanƙwasa saboda masu nema. Lambar ƙ a Unicode, tsarin lambobin baƙaƙe na kwamfuta, U+0199 ce, ka tabbatar ita ka buga. Ka duba misalanku kuma. Ni na taɓa barin adireshin IP (lambar na'ura a intanet) na wurin aikina a cikin misali, sai da wata abokiyar aiki ta gano. Akwai 192.0.2.0/24 da example.com da aka ware don wannan.

Tsohon Injiniya:
Ta tuna min wani abu. Idan a cikin takardun da daftarinku ya dogara da su dole akwai daftarin da bai fito ba tukuna, naku zai zauna a layi yana jiransa, ko da wata nawa ne. Kuma a matakin dubawar ƙarshe kafin wallafawa, wanda aka sani da AUTH48, kowane marubuci sai ya amsa da kansa cewa ya amince, don haka ka tabbatar imel ɗin ku ukun yana aiki.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na gode ƙanwata. Na duba, a sashe na 4 adireshin rauta (na'urar haɗa intanet) ɗin ofishinmu ne zaune a misali, na cire shi yanzu. Cikin bakwai ɗin nan, biyu nake ganin doka ce. Na tura wa abokan aikina jimlolin, ina jiran na Indiya ya tashi daga barci.