Yaya za a zana wa uwa bayanin ORS (ruwan gishiri da sukari) da ƙwayar zink ta gane a gida?

Ma'aikaciyar lafiya, Dukku:
Assalamu alaikum. Iyaye mata da yawa ba sa karanta boko, kuma bayanin baki kan ɓace kafin su isa gida. Ana son takarda ɗaya mai hotuna kan gudawar yara. Me ya kamata a zana, me za a bari?

Mai harhaɗa magunguna, Gombe:
Wa alaikumus salam, Malama. A fara da awon ruwa, domin a nan ake yawan kuskure. A duba abin da ke rubuce a jikin ledar ORS ɗin da kuke bayarwa. In ta lita 1 ce, a zana ruwan leda guda biyu, kowanne rabin lita, ana juye su a kwano mai murfi, sannan hannu yana zuba garin duka. Kada a zana kofi, don kofin wani gida ya ninka na wani. In ruwa ya yi kaɗan gishiri zai yi yawa, kuma hakan na iya illata yaro. In ruwan rijiya ne, a nuna ana tafasa shi ya huce tukuna. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar.

Zink kuwa, a zana gidaje 10 a jere, uwa tana jan layi a ɗaya kullum. Ƙwaya guda ta miligiram 20 ga mai wata 6 zuwa sama, rabi ga wanda bai kai ba, a narka a cokali da nonon uwa ko ruwa mai tsabta. Ko da gudawa ta tsaya, kada a daina ba da shi sai an cika kwana 10, shi ya sa gidajen nan suke da amfani.

Ungozoma, Kumo:
Ƙari a kan haka, 'yar'uwa, a guji zanen jinjirin wata don nuna dare. Wata uwar za ta ɗauka sau ɗaya a wata ake nufi. A ɗaura lokacin da salla, misali bayan Asuba. A jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, saboda mai karatun allo daga dama take farawa. Rubutu kaɗan, da boko da ajami.

Malamin tsabta, Bajoga:
Kada a dogara da launi kawai, Malama, don fotokwafi zai mai da ja da kore duk toka-toka. Alamomin haɗari a kewaye su da layi mai kauri: ido ya zurma, yaro ya kasa sha ko kama nono, jini a kashi, amai ba tsayawa. Kusa da su a zana ƙofar asibiti. Kafin a buga da yawa, a ba mata kamar goma takardar ba tare da an ce musu komai ba, kowacce ta faɗi abin da ta gani. Hoton da biyu ko uku suka fassara daban, a sake shi.